NRL ko Super League: wace gasar zari-ruga ce ta cancanci kuɗinka da datarka?

Zari-ruga iri biyu ce, kuma wanda bai bambance su ba tun farko yana iya biyan kuɗin kallon wadda bai nufa ba. Akwai ta mutum 15, wadda Afirka ta Kudu ta ci kofin duniyarta a 2019 da 2023, ita ce mafi yawan tashoshin wasanni suke nufi idan sun ce suna nuna zari-ruga. Akwai kuma ta mutum 13, wadda ake kira rugby league, da ta ɓalle a garin Huddersfield na arewacin Ingila a 1895, saboda ƙungiyoyin wasan na yankunan ma'aikatan masaƙu da mahaƙan kwal sun dage sai an biya 'yan wasa ladan ranar aikin da suka rasa. A kan ta biyun nake magana. A cikinta ƙungiya tana da dama shida ta kai ƙwallo gaba. Idan aka kayar da mai riƙe da ita sau shida ba a kai ga dire ta a bayan layi ba, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wannan ƙa'ida ce ta sa wasan ba ya tsayawa sosai, kuma baƙo yana gane shi da wuri a talabijin.

Manyan gasannin ƙungiyoyi na wannan wasa biyu ne a duniya: NRL ta Ostareliya da Super League ta Ingila. Kowace da tashoshin da suka sayi haƙƙin nuna ta, da manhajarta ta intanet, da sa'o'in da take buga wasa. Ba kowa ne zai iya ɗaukar nauyin duka biyun ba, musamman wanda zai biya da kuɗin waje sannan ya sayi data a kai. Ra'ayina shi ne kada a zaɓa saboda suna. A fara duba yadda aka raba haƙƙin nunawa, domin shi ne yake yanke wasan da za ka gani, da ƙarfe nawa, da kuma nawa za ka biya.

Duka gasannin biyu kuɗin talabijin ne ya haife su. A 1995 kamfanin Rupert Murdoch yana neman wasan da zai ja mutane zuwa sabuwar tasharsa ta biyan kuɗi, Foxtel, amma haƙƙin gasar Ostareliya yana hannun ɓangaren Kerry Packer, mai tashar Nine, da kamfanin Optus Vision. Da Murdoch ya ga ba zai samu ba, sai ya yi ta sayen 'yan wasa da ƙungiyoyi don kafa tasa gasar. Aka yi ta shari'a, har a 1997 aka buga gasa biyu a ƙasa ɗaya, Brisbane ta ci ɗaya, Newcastle ta ci ɗaya. Sulhun da aka yi ne ya samar da NRL a 1998, kuma bai zo a arha ba: an haɗe wasu ƙungiyoyi, an rufe wasu, an kori South Sydney, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wasan a ƙasar a 1908, sai da magoya bayanta suka yi zanga-zanga aka je kotu kafin ta dawo a 2002. A Ingila abin ya zo da sauƙi ta wani ɓangaren. Tashar Sky, ita ma ta Murdoch a lokacin, ta ajiye fam miliyan 87 na shekara 5, aka sauya wa gasar suna zuwa Super League a 1996, aka ɗauke ta daga lokacin sanyi zuwa lokacin zafi. Wasan da aka yi shekara 100 ana bugawa a cikin taɓo da hazo, tashar talabijin ta sauya masa kalanda a shekara ɗaya.

Tun daga nan tazara ta yi ta buɗewa. Yarjejeniyar NRL ta 2023 zuwa 2027 da Nine da Foxtel da Sky ta New Zealand ta kai kimanin dalar Ostareliya biliyan 2, wato kusan miliyan 400 a shekara. Super League kuwa baya ta yi: daga fam miliyan 40 a shekara tsakanin 2017 da 2021, ta sauko zuwa kimanin miliyan 25, sannan ta ƙara sauka kaɗan sama da miliyan 20 a yarjejeniyar 2024 zuwa 2026. Idan aka mayar da kuɗin iri ɗaya, NRL tana karɓar kusan ninki 10 na abin da Super League take samu. Ana ganin wannan a filin wasa. Iyakar albashin da aka yarda ƙungiyar NRL ta kashe ta haura dalar Ostareliya miliyan 11 a shekara, ta Super League kuwa ta daɗe a fam miliyan 2.1, ban da wasu 'yan rangwame na fitattun 'yan wasa. Shi ya sa ƙwararrun Ingila suke tsallakawa Ostareliya suna da ƙarfinsu, su kuma 'yan Ostareliya suke zuwa Ingila galibi bayan sun fara gajiya ko sun rasa gurbi a gida.

Ana ganin kuɗin a kan allo ma. Wasan NRL yana da kyamarori da yawa, da maimaici daga kowace kusurwa, da cibiya guda a Sydney, da aka buɗe a 2016, inda alƙalan bidiyo suke duba duk wasannin gasar. Fox League, tashar da aka buɗe a 2017, ba ta nuna komai dare da rana sai wannan wasa. A Super League kuwa, kafin 2024 wasa biyu ko uku ne kawai ake nunawa a mako, kuma su kaɗai ne suke da alƙalin bidiyo. Ke nan ƙungiya tana iya rasa maki a ranar Lahadi kan kuskuren da da an kama shi in da ranar Juma'a ta buga a gaban kyamarar Sky. Wannan rashin adalci ne da aka daɗe ana haƙuri da shi, kuma gyara shi ne babban alherin yarjejeniyar 2024, ko da kuɗinta ya ragu: daga shekarar ake ɗaukar kowane wasa kai tsaye, kowanne da alƙalin bidiyonsa.

To yaya aka raba wasannin? A Ostareliya, Nine tashar kyauta ce, tana nuna wasa uku a mako: daren Alhamis, daren Juma'a da yammacin Lahadi. Fox League da manhajar Kayo suna nuna duk wasanni takwas na kowane zagaye kai tsaye, ba tare da katse wasa da talla ba. Sai dai manyan abubuwa biyu da suka fi kowanne daraja, wasan ƙarshe da jerin wasanni uku na State of Origin tsakanin jihohin New South Wales da Queensland, Nine ce kaɗai take nuna su kai tsaye a cikin ƙasar. Akwai dokar yaɗa labarai ta 1992 da ta ba tashoshin kyauta fifiko wajen sayen manyan wasannin ƙasa, kuma ina ganin wannan doka tana daga cikin dalilan da suka sa wasan bai fita daga hannun talaka ba a can. Wasan Origin ɗaya yakan tara masu kallo sama da miliyan 3 a ƙasar da ba ta kai mutum miliyan 30 ba.

Ingila ta bi wata hanya, kuma ta ji a jikinta. Daga 1996 zuwa 2021 babu wasan Super League da aka saba nunawa kai tsaye a tashar kyauta. Mai son gani sai ya biya Sky. Abin da ya rage a fili shi ne Kofin Challenge, kofin fitar da gwani na ƙungiyoyin wasan, wanda BBC take nunawa, kuma wasan ƙarshensa na Wembley yana cikin jerin wasannin da dokar Birtaniya ta kare wa tashoshin kyauta. Yaron da ya tashi a Landan ko Birmingham a waɗannan shekaru 25 yana iya girma bai taɓa ganin Wigan da St Helens suna karawa a gasar ba. Sai a 2022 Channel 4 ta fara nuna wasa 10 a kaka, sannan BBC ta karɓa daga 2024 da kimanin wasa 15. A shekarar ce kuma aka buɗe manhajar SuperLeague+, wadda a cikin Birtaniya ta fara da nuna wasa huɗu cikin shida kai tsaye, biyun da Sky ta zaɓa wa kanta kuma sai bayan awa 48. Waɗannan biyun su ne mafi zafi a kowane mako, don haka mazaunin Birtaniya ya san abin da yake saya.

Wanda yake zaune a ɗaya daga cikin ƙasashen biyu, zaɓinsa bai da wuya. Ɗalibi ko ma'aikaci a Birtaniya ya fara da BBC, tunda lasisin talabijin ne kawai sharaɗi. Idan wasan ya shiga ransa, kuma dama yana biyan Sky saboda Firimiya, ba ya buƙatar ƙarin komai, har wasu wasannin NRL da Origin zai samu a can. SuperLeague+ ta fi dacewa da wanda ba ya son ɗaukar nauyin Sky gaba ɗaya kuma ƙungiya ɗaya yake bi, da sanin cewa duk makon da Sky ta zaɓi ƙungiyarsa sai ya jira. Mazaunin Ostareliya kuma Nine ta ishe shi har sai ya kamu da son wata ƙungiya, domin a nan ne zai tarar cewa wasannin Asabar na yawancin kakar suna bayan katangar Kayo.

Mu da muke Najeriya ko Nijar ko Ghana ko Kamaru, lissafinmu daban ne. Manhajojin BBC da Nine da Kayo an rufe su ga wanda yake wajen ƙasashensu. Ƙofofin da aka yi domin mutanen waje su ne Watch NRL, wadda Fox Sports take gudanarwa ga masu kallo a wajen Ostareliya da New Zealand da tsibiran Pasifik, da kuma SuperLeague+. A nan akwai wani abin daɗi da ba kowa ya lura da shi ba: rabon da aka yi tsakanin Nine da Fox na cikin gida ne, bai shafe mu ba. Mai Watch NRL yana samun duk wasannin mako, da Origin, da wasan ƙarshe a wuri ɗaya, abin da mazaunin Sydney ba ya samu sai ya haɗa tasha biyu. Ana biya na mako, ko na wata, ko na shekara. SuperLeague+ tana da na wata da na shekara, har da sayen wasa guda ɗaya, wanda hanya ce mai kyau ta gwaji kafin a zuba kuɗi. Amma Kofin Challenge yarjejeniyarsa daban ce da ta gasar, kada a ɗauka biyan ɗaya ya haɗa da ɗayan. Kuma kafin a biya kowace, a buɗe jadawalin manhajar daga ƙasar da ake zaune a ga abin da ta ce za ta nuna kai tsaye, saboda haƙƙin nunawa ƙasa-ƙasa ake sayar da shi.

Babban abin da zai raba gardama shi ne agogo. Gabashin Ostareliya yana gaban Najeriya da Nijar da awa 9 a yawancin kakar, awa 10 a watan Maris da farkon Oktoba. Wasan daren Alhamis yana farawa wajen 11 saura na safe a wurinmu, lokacin da mutum yake ofis ko kasuwa ko aji. Na Juma'a biyu ne, ɗaya ƙarfe 9 ɗaya 11 na safe, na biyun yana ƙarewa ana shirin tafiya masallaci. Origin ranar Laraba ake yinsa, shi ma wajen 11 na safe, kuma wannan ne ya fi ciwo, domin babu wasan da ya fi shi cancantar a gan shi kai tsaye. Na Lahadi suna zuwa ƙarfe 5 da 7 na safe. Asabar ce ranar samu: wasa uku a jere, daga wajen 6 na safe, sai 8 da rabi, sai 10 da rabi, a gama kafin azahar. Mutum ya dawo daga sallar asuba ya zauna, gari bai yi zafi ba, layin intanet bai cika ba, kuma ya gama tun kafin a take wasan Firimiya na farko. Wasan ƙarshe kuma yakan faɗo Lahadin farko ta Oktoba wajen 9 da rabi na safe, lokaci mai kyau ƙwarai. Mazaunin Ghana ya rage awa ɗaya a duk waɗannan.

Super League kuwa kamar don mu aka tsara ta. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Birtaniya daidai yake da na Kano da Yamai. Manyan wasanninta na Alhamis da Juma'a ƙarfe 8 na dare ake farawa, a gama kafin 10. A Fabrairu da yawancin Maris kuma 9 na dare ne a wurinmu. Na ƙarshen mako da rana ko yamma suke, inda suke cin karo da ƙwallon ƙafa, amma daren Juma'a galibi fili ne. Wasan ƙarshe a Old Trafford, inda ake yinsa tun 1998 in ban da shekarar korona, ƙarfe 6 na yamma yake farawa, wato sai an tashi magariba a farkon wasa.

Wani zai ce ai sai a kalli maimaici da dare. Ana iya yi, Watch NRL tana ajiye wasannin, har tana bari a sauke su a waya, wanda taimako ne babba ga mai samun intanet mai arha da tsakar dare. Kuma mu muna da wata sa'a: ba kamar Firimiya ba, babu wanda zai faɗa maka sakamakon wasan Penrith da Melbourne a majalisa ko a cikin Keke Napep. In ka kauce wa shafukan gasar a Facebook, wasan safe yana nan sabo har dare. Wannan ya rage nauyin matsalar agogo sosai, kuma shi ne ya karkatar da ni zuwa NRL.

Ta fuskar armashin wasa, NRL ta fi gudu da ƙarfi, musamman tun 2020 da aka kawo ƙa'idar sake ƙirga dama shida ba tare da tsayar da wasa ba idan mai tsaro ya yi laifi a wajen kayarwa. Ƙungiyoyinta 17 sun fi kusa da juna a ƙarfi, ko da yake Penrith ta ci kofi sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024 kafin Brisbane ta karɓa a 2025. A Super League, daga 1996 zuwa 2024 ƙungiyoyi huɗu ne kawai suka taɓa zama zakara: St Helens, Wigan, Leeds da Bradford. Hull KR ce ta karya wannan a 2025. Amma kada a raina Ingila. St Helens ta je har gidan Penrith a 2023 ta doke ta 13 da 12 a karawar zakarun gasannin biyu, Wigan ma ta doke ta 16 da 12 a 2024. Kuma filayen Ingila ƙanana ne, 'yan kallo suna tsaye dab da layi suna waƙa tun daga farko har ƙarshe. Wasan Hull FC da Hull KR, ko Wigan da St Helens a lokacin Ista, yana da zafin da wanda ya saba da kallon ƙwallon ƙafa zai gane nan take. Wasu wasannin NRL na Sydney kuwa a manyan filaye ake buga su da kujeru rabi babu kowa, sai ingancin wasan ya rufe wannan. Mai jin Faransanci, kamar 'yan'uwanmu na Nijar da Cadi, yana da ƙarin dalili na kallon Super League, saboda Catalans Dragons ta birnin Perpignan tana cikinta tun 2006, har ta ci Kofin Challenge a 2018.

Akwai abin da ya kamata iyaye su sani kafin su kunna wa yara. Tallan caca ya yi katutu a duka gasannin. Super League da Kofin Challenge sunan kamfanin caca na Betfred suke ɗauke da shi, a bakin masu sharhi da allunan fili. NRL sunan kamfanin waya na Telstra take ɗauka, amma tallan caca yana nan a kewayen shirye-shiryenta da rigunan wasu ƙungiyoyi. Babu wadda ta tsira, kuma abin yana damuna, domin wasa ne da ya fito daga unguwannin masu ƙaramin ƙarfi, su ne kuma caca ta fi cinyewa. Abin da mutum zai iya yi shi ne ya kunna daidai lokacin take wasa, ya tsallake hirarrakin kafin wasa da na hutun rabin lokaci, wanda maimaici ya fi sauƙaƙawa.

Wasan ba baƙo ba ne gare mu gaba ɗaya. Martin Offiah, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, yana cikin mutum biyar da aka yi wa mutum-mutumi a Wembley, kuma gudun da ya yi daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan a wasan ƙarshe na Kofin Challenge na 1994 da Leeds har yanzu ana maimaita shi. Tawagar Najeriya ta ci gasar Gabas ta Tsakiya da Afirka a Legas a 2019, ta sake ci a Accra a 2022. A NRL kuma Hazem El Masri, Musulmi haifaffen Lebanon, ya yi ritaya daga Canterbury a 2009 yana riƙe da tarihin yawan maki a gasar, kuma an san shi da buga wasa yana azumi.

Ga yadda zan ba da shawara. Wanda bai taɓa kallon cikakken wasa ba kada ya biya komai tukuna. Duka gasannin suna sa taƙaitattun wasanninsu a YouTube kyauta, ya yi mako biyu ko uku yana kallo har ya gane ƙa'idar dama shida ya kuma ji wace ƙungiya ce ta ja shi. Bayan haka, in kuɗin manhaja ɗaya ne, na zaɓi Watch NRL, amma ba na shekara ba da farko. A sayi na wata a tsakiyar kaka, tsakanin ƙarshen Mayu da Yuli, lokacin da ake buga Origin, sannan a sake saye a Satumba don wasannin fitar da gwani har zuwa na ƙarshe. Wannan ya ba mutum mafi kyawun abin da wasan yake da shi a kuɗin wata uku ko huɗu. Wanda kuma ba ya jin daɗin wasa sai kai tsaye, ko safiyar Asabar ɗinsa ta kasuwa ce ko gona, ko wuta da intanet sun fi zama masa da dare, Super League ce tasa, kuma ya fara da sayen wasa guda na daren Juma'a ya ga ko layinsa zai ɗauki awa biyu ba yankewa.

A yi hattara da biyan shekara guda a daidai wannan lokaci, domin ƙasa tana motsi a ƙarƙashin duka gasannin. Kamfanin DAZN ya kammala sayen Foxtel a 2025, yarjejeniyar NRL tana ƙarewa a ƙarshen 2027, ta Super League da Sky da BBC kuma a ƙarshen 2026. Super League ta ƙaru zuwa ƙungiya 14 a 2026, NRL za ta karɓi Perth Bears a 2027, sai ƙungiyar Papua New Guinea a 2028, wadda gwamnatin Ostareliya ta ware wa shirinta dalar Ostareliya miliyan 600 na shekara 10. Perth tana bayan Sydney da awa biyu a tsakiyar kaka, don haka wasan da aka buga a can da dare zai faɗo mana da rana tsaka maimakon safiya. Duk sabuwar yarjejeniya tana iya sauya manhajar da take da haƙƙin nuna wa Afirka, shi ya sa biyan wata-wata ya fi aminci har sai an ga inda haƙƙin ya sauka.